Kada A Bar Wa Hanta Faɗan Ita Kaɗai

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin mutane yanzu, har a bakin waɗanda suka yi karatu. In likita ya auna jinin mutum ya gaya masa yana ɗauke da ciwon hanta, sai ka ji ya ce, "Ai ni jinina da ƙarfi, garkuwar jikina za ta gama da shi." In kuwa bai faɗi haka ba, sai ya nufi tasha ya sayo kwalbar wani jiƙo wanda mai talla ya rantse masa ta lasifika cewa yana ƙara garkuwa, yana wanke hanta tas. Da gaskiya a cikin wannan magana, amma rabin gaskiya ce, rabin gaskiya kuwa a sha'anin lafiya ya kan kai mutum kushewa. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu abin da masana suka gano game da masu gadin da Allah ya ajiye cikin hanta, da iyakar ƙarfinsu, sa'an nan mu faɗi ra'ayinmu bisa abin da ya wajaba a yi.

Bari mu fara da girman al'amarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da labari a cikin 2024 cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da ciwon hanta mai lamba B, miliyan 50 kuma da mai lamba C, waɗanda ciwon hanta ya kashe a shekarar kuwa sun kai miliyan 1 da dubu 300. A Nijeriya binciken da aka yi a cikin 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin kowane 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da B, wajen 1 cikin 100 kuma da C. Watau ofishin da ke da ma'aikata ashirin da biyar, a ƙiyasce ba a rasa mutum biyu masu shi, yawancinsu kuwa ba su sani ba.

MASU GADI

Hanta ita ce mafi girma cikin kayan cikin mutum, nauyinta wajen kilo ɗaya da rabi. Kowane minti jini wajen lita ɗaya da rabi ke ratsa ta, yawancinsa kuwa daga hanji ya ke tasowa, ɗauke da abin da mutum ya ci ko ya sha, da ɓurɓushin ƙwayoyin da ke zaune a hanji. Kamar garin kasuwa ta ke bisa babbar hanya, baƙi na shiga dare da rana. Garin da ke haka in ya ce zai buga gangar yaƙi duk sa'ad da ya ga baƙuwar fuska, ai ba za a ci kasuwa ba. Don haka aka halicci hanta da haƙuri, ba ta saurin tayar da faɗa. Wannan haƙuri alheri ne gare mu, amma ta nan ne kuma ɓarayi ke samun ta.

Garkuwar jiki iri biyu ce. Akwai ta koyo, wadda sai ta ga abokin gaba ta san kamanninsa tukuna ta shirya masa runduna, wannan kuwa ya kan ɗauki makonni. Ita ce allurar rigakafi ke horarwa. Akwai kuma wadda a ke haihuwar mutum da ita, wadda ke tashi cikin 'yan sa'o'i ba tare da ta taɓa ganin baƙon ba. Masu wannan aiki na farko waɗansu furotin ne da ke zaune cikin ƙwayoyin halittar da aka gina hanta da su, kowace ƙwaya da nata.

Shi kuwa bairas, watau ƙwayar cutar da ke kawo irin wannan ciwo, ba shi da abin da zai hayayyafa da shi don kansa. Takardar umarni ce kurum a cikin ɗan kwanso. In ya shiga ƙwayar hanta sai ya sa takardarsa cikin takardun gidan, ma'aikatan ƙwayar su yi ta kwafe ta suna ƙera sababbin bairas, kamar akawun da aka kawo wa wasiƙar jabu ya zauna yana ta buga ta ba da saninsa ba. Da ɗan gari a kan ci gari.

Labarin masu gadin ya soma bayyana a cikin 1957 a Landan, sa'ad da Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka ɗauki tantanin ƙwan kaza suka haɗa shi da bairas na mura wanda aka raunana da zafi. Suka tarar tantanin ya fitar da wani abu cikin ruwan da ya ke ciki, in aka zuba wannan ruwa a kan sabon tantani sai bairas mai rai ya kasa yaɗuwa a cikinsa. Suka raɗa wa abin suna intaferon, ma'anarsa mai katsalandan. Aka yi shekaru da yawa ba a san yadda ƙwaya ke gane baƙon tun da fari ba. Sai a cikin 2004 Takashi Fujita da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa wani furotin da a ke kira RIG-I shi ne mai tsaron da ke shaida takardar bairas ta wurin siffarta. A cikin 2005 kuma aka gano na biyunsa, MAVS, wanda ke karɓar labari daga mai tsaro ya miƙa gaba har a fitar da intaferon.

Intaferon da kansa ba ya kashe kome, gangami ne. In ya fita sai ƙwayar da ta fitar da shi da maƙwabtanta su ta da ɗaruruwan furotin da ke kwance. Waɗansu su tare hanyar shiga, wani ya yayyage takardun bairas, wani ya tsai da aikin ƙira gaba ɗaya, wani kuma ya riƙe sababbin bairas a bakin ƙofa ya hana su fita. Gangamin nan kuma shi ke kiran garkuwar koyo ta zo da rundunarta. Zazzaɓi da ciwon gaɓoɓin da mutum ke ji in mura ta kama shi, da yawansa aikin intaferon ne. To, har nan mai cewa jikinsa da garkuwa yana da gaskiya. Saura mu duba yadda ɓarayin ke yi da ita.

MAI YANKE IGIYA

Bairas na C, wanda Michael Houghton da abokan aikinsa suka gano a Amurka a cikin 1989, yana zuwa da almakashinsa. Wani furotin ne nasa da ya ke yanka kayan ƙirarsa da shi, a cikin 2005 kuwa aka tabbatar da wannan almakashi ya ke datse MAVS. Mai tsaro ya ga ɓarawo, ya ja igiyar ƙararrawa, ashe an riga an yanke ta. Duk da haka waɗansu na tsira, gama wajen mutum 30 cikin 100 na waɗanda ya kama jikinsu na korarsa cikin wata shida ba da magani ba. Sauran 70 ɗin sai ya zauna da su shekara da shekaru.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne wanda likitocin birnin Basel na ƙasar Siwizalan suka buga a cikin 2008. A zamanin nan da allurar intaferon a ke maganin C, mako mako har wata shida ko shekara guda, tare da wata ƙwaya mai suna ribabirin, maganin kuwa na wahalar da mutum ƙwarai, ga zazzaɓi, ga kasala, ga ƙuncin rai, kuma wajen rabin masu nau'in da ya fi taurin kai ba su warkewa. Da suka duba hantar marasa lafiyar, sai suka ga waɗanda tun kafin a fara allura gangaminsu ke ta kaɗawa ba tsayawa, su ne allurar ba ta yi wa amfani. Gangar da a ke bugawa dare da rana, ƙarshenta ba mai fitowa in an buga.

A cikin 2009 aka gano cewa wannan bambanci yana da tushe a gado. A cikin 2013 kuma aka gano wani irin intaferon da a ke kira lamda na huɗu, wanda waɗansu mutane jikinsu ke yin sa, waɗansu kuwa ba ya yi. Hankali zai ce mai ƙarin makami shi ya fi tsira, amma akasin haka aka tarar: masu yin sa su ne suka fi kasa korar bairas na C. Maganar ta shafe mu, domin yawancin mutanen Afirka suna cikin masu yin sa, yawancin mutanen gabashin Asiya kuwa ba su yi. Masana sun lissafa cewa gadon nan shi ya kawo wajen rabin bambancin warkewa da aka daɗe a na gani tsakanin baƙaƙen Amurka da fararenta a zamanin allurar. Wanda ya fahimci wannan ba zai ƙara ruɗuwa da tallar "ƙarin garkuwa" ba. Yawan kiɗan gangami dabam, cin yaƙi dabam.

MAI SHIGA A ƁOYE

Bairas na B, wanda Baruch Blumberg ya fara gano alamarsa cikin jini, ya bayyana ta a cikin 1965, dabararsa dabam ce, kuma shi ne babban abokin gabanmu a nan. A cikin 2004 Frank Chisari da abokan aikinsa a Amurka suka bi yaɗuwarsa cikin hantar birai, suka ga yana cika hanta cikin makonnin farko masu gadi ba su ko motsa ba. A cikin 2012 Li Wenhui da mutanensa a birnin Beijin na ƙasar Sin suka gano ƙofar da ya ke bi, ashe ƙofar da hanta ke karɓar gishirin ɗaci daga jini ce, wadda kullum a buɗe ta ke. In ya shiga sai ya zarce cibiyar ƙwaya, inda a ke ajiye littafin gado, ya naɗe takardarsa kamar zobe ya ajiye a can.

Ko a can ɗin akwai mai tsaro. A cikin 2016 Michel Strubin da abokan aikinsa a Janeba suka nuna cewa waɗansu furotin na ƙwaya, Smc5 da Smc6, su kan danne zoben nan su hana a karanta shi. Amma bairas ɗin yana da nasa furotin, HBx, wanda ke liƙa wa masu tsaron alamar shara, ma'aikatan gidan da kansu su kwashe su su zubar. Zoben nan shi ya sa har yau B ke da wuyar tumɓukewa.

Akwai kuma abu guda da ya kamata kowa ya riƙe. Bairas na B ba ya cika kashe ƙwayar hanta da kansa. Yawancin ɓarnar daga faɗan ta ke fitowa, sa'ad da rundunar jiki ke kashe ƙwayoyin da suka kamu. In faɗan ya yi kyau, mutum ya yi shawara na 'yan makonni, idanu su yi rawaya, ya warke. In ya zama faɗan da ba ci ba sulhu, shekara ashirin ko talatin a na rushewa a na ginawa, sai tabo ya bi tabo har hanta ta ƙandare, ciki ya kumbura da ruwa, ko kuwa ciwon daji ya fito. Duk tsawon wannan lokaci mutum na zuwa aikinsa, ba ya jin kome.

Shekarun mutum ranar da ya kamu su ke yanke hukunci. Babban mutum in ya kamu, fiye da 95 cikin 100 na korarsa. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa kuwa, wajen 90 cikin 100 na zama da shi muddin rai. Wani zai ce, to, ai ga shi babba na korarsa, me ya sa ba za a bar jiki da aikinsa ba? Amsa ita ce wannan lissafi na sabon kamu ne. Wanda aka auna aka ga alamar, aka sāke aunawa bayan wata shida tana nan, ya riga ya wuce wannan mataki, galibi ma tun yana goye ko yana rarrafe ya ɗauka. Masu gadinsa sun yi shekaru suna zaune da ɓarawon, ba jiƙon da aka tabbatar yana fitar da shi, waɗansu jiƙe-jiƙen ma hantar su ke ƙara wa rauni.

ABIN DA MU KE GANI

Ra'ayinmu shi ne, tun da ya ke an san ta inda masu gadi ke kāsawa, wauta ce a bar musu faɗan su kaɗai, alhali ga taimako a hannu.

Na farko, allurar ranar haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi wa kowane jariri allurar B cikin sa'a 24 na farko, sa'an nan a bi da sauran a mako na 6, da na 10, da na 14. Nijeriya ta sa allurar B cikin rigakafin yara tun 2004. Amma rahoton 2024 ya nuna jarirai 18 kaɗai cikin 100 ke samun ta ranar haihuwa a yankin Afirka, alhali yankin ne ke da 63 cikin 100 na sababbin kamu a duniya. Mun san dalili a wurinmu: haihuwa a gida, ga al'adar ba a fita da jariri sai an yi suna. Ba mu raina al'ada ba, amma bairas ba ya jiran ranar suna. Mai jego ta zauna ɗakinta, kaka ko gwaggo ta kai jaririn, ko maigida ya je ya ɗauko ma'aikacin lafiya. In an makara, a kai shi da zarar an sami hali. Taiwan ta fara yi wa jarirai wannan allura a cikin 1984, yaran da ke ɗauke da ciwon suka ragu daga wajen 10 cikin 100 zuwa ƙasa da 1, ciwon dajin hanta na yara kuma ya ragu ƙwarai. Gambiya ta fara nata a cikin 1986. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Na biyu, awon mata masu ciki. Wadda aka tarar bairas ya yi yawa a jininta a kan ba ta ƙwayar tenofobir daga mako na 28, don kada ta ba abin da ke cikinta. Wannan awo bai kamata ya zama sai mai kuɗi ba.

Na uku, ƙarfe. Bairas na B na iya kwana bakwai da rai cikin busasshen jini a jikin aska. Wanzamai mutanen kirki ne masu sana'ar gado, ba kuwa wanda ya ce su bari. Abin da mu ke roƙo shi ne sabuwar reza ga kowane kai, ko aski ne, ko kaciya, ko ƙaho, ko yankan farce, allura kuma a yi da ita sau ɗaya a jefar. Masar ta ga sakamakon sakaci da wannan. Alluran maganin tsargiya da aka yi wa talakawanta daga wajen 1950 zuwa 1980, da sirinjin da ba a dafa sosai ba, su suka watsa mata C har ta zama kan gaba a duniya.

Na huɗu, magani. Tun daga 2013, da fitowar sofosbubir da 'yan'uwansa, an sami ƙwayoyin da ke kama kayan aikin bairas na C kai tsaye, waɗansu ma almakashin nan su ke dasashewa. Mako 8 zuwa 12 a ke sha, fiye da 95 cikin 100 na warkewa sarai, bambancin gadon da muka ambata kuwa ya kusa zama ba kome. Masar ɗin nan ta auna wajen mutum miliyan 50 daga 2018 zuwa 2019, ta ba waɗanda suka kamu magani kyauta, a cikin 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ita ce ƙasa ta farko da ta kai matsayin zinariya a hanyar kawar da ciwon. Shi B ba a kai ga tumɓuke zobensa ba tukuna, amma tenofobir ko entekabir, ƙwaya ɗaya kullum, na danne shi, ya rage haɗarin ƙandarewa da daji. Ba kowane mai ɗauke da shi ke bukatar magani nan take ba, likita ne zai auna ya faɗa, amma kowannensu na bukatar a riƙa duba shi. Ya bar giya, ya kuma guji gyaɗa da masara masu fumfuna, gama dafin da ke cikinsu in ya gamu da B haɗarin ciwon daji ninkuwa ya ke yi.

Kada kuma wani ya ɗauka binciken masu gadi aikin banza ne tun da an ga gazawarsu. Sanin ƙofar da B ke bi shi ya bayyana yadda wani magani mai toshe ta ke aiki, wanda Turai ta yarda da shi a cikin 2020 don ciwon hanta mai lamba D, mai rakiyar B. Masana kuma na nan na neman hanyar da za su hana HBx korar masu tsaron cibiya. Muna ganin ya kamata jami'o'inmu su sa hannu cikin wannan aiki, domin labarin lamda na huɗu ya nuna abin da aka auna a jikin wata al'umma ba lalle ya yi daidai da namu ba.

Saura magana gare ku, malaman makaranta da ma'aikatan ofis. Ku ne a ke kawo wa takardar asibiti a ce ku karanta, abin da kuka faɗa kuwa shi a ke ɗauka a unguwa. Ku gaya wa mutane B da C ta jini su ke bi, B kuma har ta haihuwa da saduwar aure. Ba a ɗaukarsu ta musafaha, ko cin tuwo kwano ɗaya, ko zama benci ɗaya, ko cizon sauro. Masu bin ruwa da abinci marasa tsabta su ne A da E. Saboda haka zalunci ne a hana mutum aiki, ko a kori yaro daga makarantar kwana, don an ga alamar B a jininsa. Aure ma ba sai an fasa ba, a auna ɗayan, in ba shi da shi a yi masa allura uku. Tsoron wulakanci shi ke sa mutane gudun awo, mai gudun awo kuwa sai ciki ya kumbura a ke ganinsa a asibiti, sa'ad da likita ba shi da sauran dabara.

A cikin 2016 ƙasashen duniya, har da tamu, suka ɗau alkawarin kawar da wannan ciwo kafin 2030. Muna roƙon Gwamnati ta sauƙaƙa awo da magani, ta kai allurar ranar haihuwa har ƙauyuka, ta kuma tsawata wa masu tallar ƙarya. Kowane mai karatu kuwa ya fara da kansa da iyalinsa, ya je a auna shi a watan nan. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.